Ra'ayi: Turbo da salansa mai ƙara ba su ne abin da tsohuwar Golf ke buƙata a Bagudo ba

Bidiyon gyaran mota ya cika TikTok da YouTube. Ana nuna wani Bature ya sauke injin tsohuwar Golf, ya ɗaura mata turbo, ya sa salansa mai faɗin bakin tulu, sannan allon kwamfuta ya nuna ƙarfin doki ya ninka. Matashin da ya gaji motar mahaifinsa, ko ya tara kuɗin noman shinkafa ya sayi tsohuwa, yakan je gareji da wannan bidiyo a wayarsa ya ce wa makaniki irin wannan yake so. A Bagudo da Kaoje da Illo, wannan hanya ce ta zubar da kuɗi.

Golf 3 ita ce jakar yankin. Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, kuma yawancin waɗanda ke yawo tsakanin Tsamiya da Lolo da Koko sun doshi shekara 30 ko sun haura. Sun shigo ne ta Kwatano tun kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Ana loda musu buhuna har but ya kasa rufuwa, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya. Injin da ya yi wannan bauta dole wata rana ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, a sauke shi. A nan ne mai mota ke yanke shawarar da za ta bi shi shekaru.

Motar da ke cikin bidiyo tana gudu ne a kan kwalta mai santsi, a garin sanyi, da fetur mai kyau, kuma direba kaɗai ta ɗauka. Ta Bagudo kuwa tana fama da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da ramuka, da man galan na 'yan bumburutu wanda ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki. Tun lokacin da Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, direbobin garuruwan bakin iyakar Benin suka ƙara sabawa da man galan. Abin da irin wannan mota ke nema shi ne ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wato ta tashi da kaya daga cikin yashi ba tare da an ƙone kuloc ba. Injin 1.8 mai ƙarfin doki 90 yana ba da iyakar ƙarfin jansa ne tun a wajen juyi 2,500 a minti. Wanda ya sa masa kamshaf na tsere ya tura wannan ƙarfin zuwa can sama, inda direban kasuwa ba ya zuwa, ya bar motar tana shaƙewa a inda take aiki kullum.

Matatar iska mai siffar mazurari ita ce mafi arha a cikin kayan burgewa, shi ya sa ta fi yaɗuwa. Tana sa inji ya yi gurnani, mai mota ya ji kamar an ƙara masa wani abu. Amma tana zaune ne a buɗe cikin bonet tana zuƙar iska mai zafi, alhali akwatin da kamfani ya sa yana janyo iska ne daga waje. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, don haka ƙarfi raguwa yake yi. Abin da ya fi muni, masu arha a cikinsu suna barin ƙura ta wuce. Ƙura idan ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, ta cinye sabon ringi da bangon silindar da aka biya kuɗi aka gyara watanni kaɗan da suka wuce.

Sai maganar aske kan silinda. Idan inji ya taɓa tafasa, kan yakan lanƙwashe, dole a kai shi wurin masu injin yanka su daidaita. Wannan gyara ne. Amma akwai masu cewa a ƙara askewa don matsi ya ƙaru mota ta yi zafin nama. Matsi mai yawa yana buƙatar fetur mai jure matsi. Idan bai samu ba, man yakan fashe kafin lokacinsa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da aka taka totur a hawa. Wannan ƙarar fistin ce ke shan duka.

Inda ya kamata kuɗin ya fara zuwa shi ne awo, kuma nan ne ba kowa ke son kashewa ba domin ba a ganinsa a hoto. Duk wanda ya taɓa gyara manhaja mai nauyi ya san ba a taɓa komai sai an gano inda take cijewa. Haka inji yake. A auna silinda da ma'auni kafin a sayi fistin, a san ko gogewa kawai take so ko sai an faɗaɗa ta an sa na gaba da shi, mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. A auna kiranshaf kafin a sayi metal. A canza famfon mai da famfon ruwa da bel ɗin tayimin tunda an riga an buɗe. A ɗaure kusoshin kan silinda da sifana mai awo bisa jerin da kamfani ya tsara, ba da ƙarfin damtsen yaron gareji ba. Injin da ya tsufa ya riga ya zubar da wani kaso na ƙarfinsa ta ringi da bawul masu yoyo. Dawo masa da abin da ya fito da shi daga masana'anta ya fi duk abin da salansa za ta ƙara.

Bayan awo sai sanyaya inji. Al'adar garejinmu ita ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, a ce ai an yi shi ne don ƙasar sanyi. Tamostat ɗin Golf yana fara buɗewa ne a wajen digiri 87, domin a nan aka tsara injin ya yi aiki. Idan aka cire shi, da asuba ko lokacin sanyi injin yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutarsa ta ɗauka har yanzu ana tashi ne, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Motar da ke tafasa kuwa matsalarta tana lagireton da ya toshe da ruwan rijiya, ko murfinsa da ya daina riƙe matsi, ko firikwensin fanka. Sabon lagireto da ruwan sanyaya na gaske su ne ƙarin ƙarfi na haƙiƙa a watan Afrilu.

Masu mayar da injekta zuwa kafireto suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Kafireto ana iya kwance shi a gindin bishiya a Kaoje da sukundireba ɗaya, injekta kuwa idan ta yi gardama sai an nemi mai na'ura, wataƙila har Birnin Kebbi ko Sakkwato. A zamanin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan lissafi yana iya fita. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, farashin ya ninka sau da yawa, lissafin ya juye. A ɗauki misali: motar da ke yin kilomita 10 da lita ɗaya ta koma yin 8, kuma tana tafiyar kilomita 150 a rana. Bambancin ya kusa lita 4 kullum, kusan lita 100 a wata. Sannan injektar da ke kan yawancin injin 1.8 ɗin nan mai baki ɗaya ce, tana cikin mafiya sauƙi da aka taɓa yi. Sau da yawa laifin bai wuce waya da ta tsinke ko firikwensin zafi da ya mutu ba.

Waya tana da amfani a nan, amma ba yadda 'yan talla ke faɗa ba. Ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da ake haɗawa da manhajar Torque tana aiki da tsarin OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma motocin fetur daga 2001. Golf 3 ta Turai ta riga wannan doka, don haka ko da tana da soket ɗin, galibi yaren da kwamfutarta ke yi daban ne, sai da kebul na musamman na Volkswagen da laftof. Su kuma ƙananan na'urorin da ake cewa a soka su a soket su rage shan mai ko su ƙara ƙarfi, waɗanda suka fasa su sun tarar ba abin da suke yi sai ƙyafta fitila. 'Yan uwan manhajojin nan ne masu cewa za su ƙara wa waya RAM. Abin da waya za ta yi da gaske shi ne lissafi: a cika tanki, a auna tafiya da GPS tunda mitar yawancin motocin ta mutu, a sake cikawa, a raba kilomita da lita, kafin gyara da bayansa.

Wanda ya nace yana son gudu, hanya mafi tsafta ita ce ya nemi injin 2.0 mai bawul 8 na GTI, mai ƙarfin doki 115, cikakke da kwamfutarsa da wayoyinsa, ya kuma gyara lambar inji a takardun mota kafin ya haɗu da shingen bincike a hanyar iyaka. Kuma ya sa kuɗin birki da taya a cikin lissafi tun farko. Motar da ke gudun kilomita 140 tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin da birki zai kashe idan aka kwatanta da mai gudun 100, ga kaya, ga shanu da ke tsallaka titi, ga birkin baya na ganga da yawancin ƙananan Golf ke da shi.

Bayan an ɗora inji, kilomita 1,000 na farko a bi shi a hankali, ba cikakken lodi, ba dogon gudu a giya ɗaya, sannan a zubar da baƙin man farko tare da matatarsa, domin a cikinsa ne ɓurɓushin ƙarfen sabon ringi ke taruwa.