Sassaƙa a Yobe: Gwanintar da ake binnewa ba tare da suna ba

A shekarar 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune, sai ya ci karo da wani katako. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka sassaƙa daga gungumen maɗaci kimanin shekaru 8,000 da suka wuce. Shi ne mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yau yana ajiye a Damaturu. Amma sunan gwanin da ya sassaƙa shi ya tafi har abada.

Wannan asara tana da uzuri, domin zamanin babu alƙalami. Wadda ba ta da uzuri ita ce ta yau. Daga kasuwar Nguru zuwa ta Gashuwa, har ƙauyuka irin su Kumagannam, masassaƙa suna fitar da turmi da taɓarya, akushi da allon karatu. Ana sayen aikinsu a manta da su. Ga roba ta mamaye kasuwa, hamada tana cinye itatuwa, matasa kuma suna ƙyamar gizago.

Labarin Ivan Mestrovic na ƙasar Kuroshiya abin dubawa ne. An haife shi a 1883, ya tashi yana kiwon tumaki a ƙauyen Otavice, yana sassaƙa itace a bakin kiwo. Mutanen yankinsa suka lura da baiwarsa, aka kai shi koyon sassaƙar dutse a birnin Split, daga nan ya wuce makarantar zane ta Biyena. A 1947 babban gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya baje kolin ayyukansa shi kaɗai. Ya rasu a Amurka a 1962, gidansa na Split kuma ya zama wurin ziyara.

Wani zai ce Mestrovic mutum-mutumi yake sassaƙawa, abin da al'umma a nan ba ta yarda da shi ba. Gaskiya ne, amma darasin ba a siffar aikin yake ba. Yana cikin yadda aka ga ɗan makiyayi da baiwa, aka ƙi barin ta ta mutu a daji.

Ya kamata gwamnatin Yobe da masarautun Nguru da Bade su tattara sunayen masassaƙan da suke raye, a ajiye zaɓaɓɓun ayyukansu da sunan kowa a jiki, a shigar da sana'ar cikin makarantun koyon sana'a, a kuma dasa itatuwan da take dogara da su. Jihar da take alfahari da masassaƙin shekaru 8,000 bai dace ta bar na yau su shuɗe kamar ba a yi su ba.