Ba a Wurin Biki Ake Zaɓa wa Yaro Makaranta Ba

A jihar Maharashtra ta Indiya, idan yaro ya gama aji 10 ya ci jarrabawar SSC, sai ya nemi ƙaramar kwaleji ta shekara 2, inda zai bi kimiyya, kasuwanci ko adabi. To, a ce kamfani ya kwashi ma'aikata da iyalansu shan iska ranar bikin cikar shekara. Manaja ya ce ɗansa kimiyya zai yi. Kafin a watse, akawu ya yanke wa 'yarsa haka nan, alhali lissafi kuka yake sa ta. A ganina wannan danniya ce. Malaminta ya fi manaja sanin baiwar da Ubangiji ya ba ta. Mu ma nan, iyayen 'yan JSS 3, ku zo mu duba sakamakon yaranku tare tukuna.