Abin Da Hoto Ke Gaya Wa Likita Game Da Sankarar Bakin Mahaifa

A wannan mako filin namu zai juya akalarsa zuwa kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ko da yake maganar ta shafi kowace mace a duk inda take. Batun kuwa shi ne sankarar bakin mahaifa, wadda wasu ke kira ciwon daji, da hoton da ake ɗauka a asibiti don a san inda ciwon ya kai.

Dalilin ta da maganar shi ne, tun watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan ciwo kyauta, Kano kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su. Wannan abin a yaba ne ƙwarai. Amma fa allurar ta yara ce. Ke uwargida da kika wuce waɗannan shekaru, mece ce madogararki? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kaɗai mata wajen 12,000 ne suka kamu da ciwon a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu. Yawancin abin da ke jawo wannan asara shi ne zuwa asibiti a makare.

To, ina hoto ya shigo ciki? Idan likita ya duba bakin mahaifa ya ga abin da bai gamsu da shi ba, yakan ɗan yanki tsoka kaɗan a kai ɗakin gwaji, wannan ne ke tabbatar da ciwon. Bayan haka sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ke raba mai warkewa da mai shan wuya: ina ciwon ya tsaya? A da, yawanci da ido da hannu likita ke kintata amsar. A 2018 ne ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta sake ƙa'ida, ta yarda a riƙa dogara da hoto wajen faɗin matakin ciwon. Wanda ya fi nuna shi sosai shi ne hoton MRI, wata na'ura mai aiki da mayen ƙarfe, wadda mace ke kwanciya a cikinta ba yanka ba ciwo.

Abu uku likita ke nema a hoton. Na farko girman ƙarin. Idan ƙarami ne, bai fita daga bakin mahaifa ba, sau da yawa aikin fiɗa ya isa. Idan kuwa ya wuce santimita 4, watau kusan girman ƙwan zabuwa, akan koma ga gasa shi da haske tare da ƙarin ruwan magani. Na biyu, ko ya yaɗu zuwa maƙwabta, kamar mafitsara da dubura, ko ya danne hanyar da fitsari ke bi har ƙoda ta kumbura. Na uku, ko ya shiga kaluluwar cikin ƙugu. Muddin ya shiga nan, komai ƙanƙantar ƙarin, ana lissafa shi a mataki na uku daga cikin huɗu.

Da waɗannan ne likita ke iya cewa ga maganin da ya dace, ga kuma yadda ake sa rai. Ba duba yake yi ba, sanin gaibu sai Allah. Abin da ya faru ga dubban mata masu irin wannan hoto shi yake dubawa. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, cikin mata 100 da aka gano ciwon bai bar bakin mahaifa ba, wajen 91 suna nan da ransu bayan shekara 5. Cikin waɗanda ya riga ya kai sassan jiki na nesa kuwa, wajen 19 ne kawai. Har ma a 2021 an bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 24 na ƙasashen waje a kan mata fiye da 1,300 da aka yi wa gashi bisa jagorancin hoton MRI, aka tarar 92 cikin 100 ciwon bai dawo a gurbinsa ba bayan shekara 5.

Yanzu mu dawo gida. Irin wannan hoto sai an shiga birni. A harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an buɗe cibiyar hoto da gwaje-gwaje a 2020, gashi kuma an daɗe ana tura mutane Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Mace daga Riruwai sai ta ratsa Dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta ɓullo Kwanar Ɗangora kafin ta miƙi hanyar Kano, ga kuɗin mota, ga na hoto, ga na mai jinya. Shi ya sa sai ki ji maigida ya ce a bari sai kaka, in an sayar da shinkafa ko masara. Ciwo kuwa ba ya jiran kaka. Hoton da za a ɗauka bayan wata shida yana iya ba da labarin da ya sha bamban da na yau.

Akwai kuma wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mace ta ga jini, sai ta je a yi mata hoton ciki irin na masu juna biyu, a ce ba a ga komai ba, ta dawo gida hankali kwance. 'Yar'uwa, wannan hoto yana da amfaninsa, yana ma iya nuna kumburin ƙoda, amma ba ya ganin farkon wannan ciwo. Farkonsa sai an duba bakin mahaifar kansa, ma'aikaciyar lafiya ta shafa wani ruwa mai tsami ta ga ko wurin zai yi fari, ko a ɗebi ɗan ruwa a gwada ƙwayar cutar HPV, wadda ita ce tushen ciwon. Ƙwayar kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, kin ga akwai isasshen lokaci. In an gano tun a nan, maganin na 'yan mintoci ne, ba sai an kwantar da ke ba.

Saboda haka ki kula da waɗannan alamu: jini bayan kwanciyar aure, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Da yawanmu mukan aika a tambayo malam hukuncin salla da jinin istihala, wannan daidai ne, amma a tambayi likita shi ma. Kada a tsaya ana cewa sanyi ne ko jifa. Idan kin kai shekara 30, nemi a duba ki ko da lafiyarki ƙalau, ki kuma roƙi a haɗa ki da ma'aikaciya mace in kunya ce ke hana ki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karɓi allurar nan, sau ɗaya ce tak. Ku karanta wa iyayenku mata wannan fili, musamman waɗanda ba su yi boko ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da take son a ce an yi wa 'yan mata 90 cikin 100 rigakafi, an duba mata 70 cikin 100, an kuma yi wa 90 cikin 100 na masu ciwon magani. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su kai gwajin asibitocin karkara, su kuma tallafa wa wadda aka tura birni ɗaukar hoto. Magidanta kuma a taimaka da izini da kuɗin mota a kan lokaci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa.