Tsohuwar Kyamara Ta Dawo, Saura a Ceto Dodannin Hoton da Ke Sito

A watan Janairun 2012 kamfanin Kodak, wanda ya shafe fiye da ƙarni guda yana sayar wa duniya fim ɗin ɗaukar hoto, ya nemi kotu a Amurka ta ba shi kariya daga masu binsa bashi. Mutane da yawa sun ɗauka jana'izar kyamarar fim ke nan, tun da yake a 2009 kamfanin ya riga ya daina yin shahararren fim ɗinsa na Kodachrome. Sai ga shi a 2018 ya dawo da fim ɗin Ektachrome kasuwa, a 2022 kamfanin Leica na Jamus ya sake ƙera kyamararsa ta M6, a 2024 kuma aka fito da sabuwa dal mai suna Pentax 17, wadda ke raba kowane gurbi biyu ta fitar da hoto 72 daga fim mai 36. Matasan da suka tashi da waya a hannu su ne yanzu ke farautar Canon AE-1 da Pentax K1000, waɗanda aka fara sayarwa tun 1976. Wannan iska ta kaɗo har Legas da Abuja.

Akwai masu kallon abin a matsayin yayi na 'ya'yan masu hali, kuma suna da hujja. Ba a yin fim a Najeriya, da dala ake shigo da shi, sannan bayan an saya akwai kuɗin wanki da na mayar da hoton cikin kwamfuta. Ga ma'aikacin da ke ƙasar da mafi ƙarancin albashinta yake naira 70,000 tun Yulin 2024, hoto 36 da za a biya wa kuɗi sau uku ba ƙaramin abu ba ne, alhali wayar aljihunsa tana ɗaukar dubu ba tare da ko kwabo ba. Yanayin ƙasar ma ba ya raga wa tsohuwar kyamara. Laimar damina tana sa fumfuna ta tsiro cikin gilashinta, ƙurar hunturu tana shiga injinta, soson da ke hana haske kutsawa yana ruɓewa, wasu kuma an ƙera su ne don batirin da aka daina yi saboda gubar da ke cikinsa. Fim da kansa sanyi yake so, sanyi kuwa sai da wuta. Babu mai hankalin da zai ce a ajiye waya a koma fim.

Duk da haka, wannan sha'awa ta cancanci a girmama ta, domin tana raya wani ilimi da ƙasar take gab da rasawa a daidai lokacin da take matuƙar bukatarsa: ilimin dodon hoto.

Dodon hoto abu ne da ake riƙewa a hannu. Ɗan zirin roba ne wanda haske ya bar sawunsa a kan ƙwayoyin azurfa, kuma duk wanda ya ɗaga shi ya saita taga zai ga abin da ke ciki ba tare da lantarki ko lambar sirri ba. Na fari da baƙi, idan an wanke shi da kyau aka ajiye shi a wuri mai sanyi marar laima, yana iya wuce mai shi da 'ya'yansa. A kwatanta wannan da abin da kowane hadimin babban jami'i ya sani. Ana ɗaukar hotunan rantsar da shugabanni da sa hannu kan yarjejeniya da ƙaddamar da ayyuka a wayoyin mutane na kansu, a tura ta WhatsApp inda ingancinsu ke raguwa, a watsa a Facebook. Ranar da maigida ya sauka daga kujera, hadimi ya tafi da wayarsa da lambar sirrin shafin, wanda ya gaje shi kuma ya fara daga farko.

Tarihin hoto a Najeriya ya nuna abin da ajiya ke haifarwa. J. D. 'Okhai Ojeikere ya sayi ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, ya shiga aikin gwamnati a 1954 a matsayin mai taimakawa a ɗakin wankin hoto na ma'aikatar yaɗa labarai da ke Ibadan. Daga 1968 ya dinga ɗaukar salon kitson matan Najeriya har ya tara kusan hoto dubu, kuma saboda ya adana su cikin tsari, duniya ta san sunansa kafin rasuwarsa a 2014. Solomon Osagie Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, ya bar tarin dodanni na rayuwar birninsa na shekaru masu yawa, amma a yau suna gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian a babban birnin Amurka. Can sun tsira, sai dai ɗan Najeriyar da ke son nazarin na asalin sai ya ƙetare teku.

Birnin Abuja kansa a idon kyamarar fim aka gina shi. Daga dokar da ta kafa shi a Fabrairun 1976 zuwa ƙaurar gwamnati a ranar 12 ga Disamba, 1991, duk hoton share daji da aza harsashi da tashin ƙauyukan da aka tarar a wurin a kan fim aka ɗauke shi. Haka hawan salla da naɗin sarauta da bikin yaye ɗalibai da masu shagunan hoto na Kano da Zariya da Kaduna da Jos suka ɗauka tsawon shekaru. Idan mai shago ya rasu, magada sukan sayar da kyamara domin tana da farashi, su bar kwalayen dodanni ga gara da ɗigar ruwan rufi domin ba wanda ya taya. Wani nau'in fim ɗin kuma, idan zafi da laima suka haɗu a kansa, yakan fara wari mai tsami, ya lanƙwashe, hoton ya lalace ba gyara. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya daɗe ana zaton ya ɓata, har aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ba kowane kwali ne zai yi wannan sa'a ba.

A nan ne mai sha'awar tsohuwar kyamara yake da rana. Shi ne ya koyi cewa fim fari da baƙi ana wanke shi da ruwan magani kala uku a zafin digiri 20, mai launi kuma kusan digiri 38. Shi ya san ba a kama dodo sai ta gefe, ya san takardar da ake sa shi a ciki, ya san yadda ake kwafe shi zuwa kwamfuta ba tare da an karce shi ba. Ma'aikatan ɗakunan wankin hoto na gwamnati da suka san wannan aiki yawancinsu sun yi ritaya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya iya haɗa maganin.

Saboda haka akwai nauyi a kan ɓangarori biyu. Mai tara kyamarori ya sani cewa ashirin da aka jera a kabad don ado mutuwa suke yi a hankali, domin man injinsu yana daskarewa idan ba a motsa shi. Guda ɗaya mai aiki ta fi masa amfani. Idan ya je sayen kyamara a hannun magada, ya tambayi dodannin, ya rubuta sunan mai hoton da gari da shekara, ya mayar wa iyalin kwafi. Ya kuma tuna cewa fuskokin da ke ciki iyayen wasu ne, ciki har da matan da aka ɗauka don mazajensu kawai, don haka ba a sa su a Instagram sai da izini.

Daraktoci da jami'an yaɗa labarai kuwa, kafin a share kowane sito a ma'aikata, ya kamata a buɗe kwalayen a ƙirga abin da ke ciki, a tuntuɓi ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa mai rassa a Kaduna da Ibadan da Enugu, a gayyato tsoffin masu hoton su faɗi sunayen mutanen da ke ciki tun suna raye. Hotunan yau na waya su ma a kafa ƙa'idar miƙa kwafinsu ga ofis, a kuma buga mafi muhimmanci a takarda. Wannan aiki bai kai kuɗin taron bita guda ba, kuma damina mai zuwa ba za ta jira a kafa kwamiti ba.