Bik na itace: aikin da ya dace da Agadas

Kowane ɗan makaranta yana da bik cikin jakarsa. In tawada ta ƙare sai ya yar da shi, ya je wurin mai tebur ya sayi wani. Ku duba bakin titi da bayan aji, za ku ga gawarwakin bik barkatai. Wannan bik na roba a ƙasar Faransa aka fara sayar da shi a shekarar 1950. Sunan mai masana'antar Marcel Bich, daga nan muka samu kalmar bik. Kafin shi, wani mutumin Hongiri mai suna Laslo Biro ne ya ƙago alƙalami mai ƴar ƙwallo a baki a 1938. Shi ya sa ƴan'uwanmu na Najeriya suke ce masa biro.

Amma ba kowane bik ne ake yarwa ba. Akwai wanda ake yi da hannu, jikinsa na itace, bakinsa yana fitowa yana komawa. A Amurka da Ingila da Faransa mutane da yawa suna yin sa cikin ɗan ɗaki a gidajensu. A ganina wannan aiki ya dace da Agadas, kuma ya kamata a koyar da shi a makarantunmu.

Ga yadda ake yi. Mai aiki yana sayen ƴar jaka mai kayan ƙarfe a ciki: bututu biyu na tagulla, da baki, da zobe, da maƙali na aljihu, da bututun tawada, da ɗan ƙarfen da ke tura bakin waje in an murɗa. Wani irin kuma dannawa ake yi, yana da ƴar waya murɗaɗɗiya a ciki. Sai ya samo guntun itace busasshe, tsawonsa kamar santimeta 12, kaurinsa kamar santimeta 2. Ya raba shi biyu. Ya huda kowane yanki ta tsakiya, huji mai faɗin milimeta 7. Ya zura bututun tagulla, ya liƙe, ya bari ya bushe. Sannan ya jera su a jikin wani siririn ƙarfe, ya ɗaura a injin da ke juya itace. Inji yana juyawa, shi kuma yana kara kurfi a hankali, itace yana zubewa, har ya zama siriri daidai da bakin ƙarfen. Nan ne gwaninta take. Itacen da ya rage bisa tagulla bai fi kaurin ɓawon gyaɗa ba. In hannu ya yi nauyi sai ya tsage, aiki ya ɓaci. Bayan haka a goge shi da takarda mai rairayi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a shafa kakin zuma ko mai, a matsa kayan ƙarfe su shiga. In tawada ta ƙare, bututunta kaɗai ake sakewa.

Wani zai ce: «Ina abin yabo a nan? Ai kayan cikin duk daga waje suke zuwa. Mu riga kawai za mu ɗinka musu.» Gaskiya ne daga waje suke zuwa. Amma a tambayi maƙeran Agadas inda kakanninsu suke samun azurfa. Ba a haƙa ta a Abzin ba. Kuɗin azurfa na ƙasar Otirish ne, mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780, fatake suke kawowa. Maƙeri ya narka shi, ya zuba cikin mazubin da ya gina da kaki da yumɓu, ya fitar da abin wuyan nan da duniya ta sani da sunan garinmu. Ba wanda ya taɓa cewa abin wuyan na Otirish ne. Hannun da ya ƙera shi ake dubawa. Kuma maƙerin da ya iya zana azurfa ba zai kasa yin zobe da maƙali na bik ba. In an daɗe ana yi, abin da za a saya daga waje ba zai wuce bututun tawada da ƙarfen murɗawa ba.

Magana mai nauyi ita ce ta itace. Mu nan ba mu da daji. Itace ɗaya tilo da ke tsakiyar Tenere, wanda ayarin gishiri na Bilma ke yada zango kusa da shi, mota ta kayar da shi a 1973, har aka ɗauke gawarsa aka kai gidan tarihi na Yamai. Garin da ya san wannan labari ba zai yi wasa da gatari ba. In yin bik zai sa a sare ɗanyen itace, gara a bar shi. Amma ku auna da kanku. Turmi ɗaya yana cin gungume guda. Sirdin raƙumi da cokali da akushi, kowane yana barin guntaye a gaban masassaƙi, galibi murhu ne ƙarshensu. Guntun da bai isa dafa shayi ba ya isa bik. Ɗanyen itace ma ba ya yi, domin in ya bushe sai ya tsage bisa tagulla. Busasshe ake so, wanda ya daɗe a kwance: bagaruwa mai ja, da magarya, da aduwa. Aduwa kuwa tun da can da ita ake sassaƙa allo. Itacen da aka saba rubutu a bisansa, yau sai a yi rubutu da shi.

To, wa zai saya? Ba ɗan makaranta ba. Bik na itace ba zai taɓa yin arahar na roba ba, kada mu ruɗi kanmu. Mai saye shi ne ma'aikaci, da ɗan kasuwa mai sa hannu a takardu, da mai neman tsaraba ta mutunci. A da, baƙi masu yawon buɗe ido ne suke sayen yawancin kayan maƙera. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun kore su. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba su komo kamar da ba. Maƙeri yana bukatar abin da ɗan ƙasa ma zai saya ya yi aiki da shi kullum. Bik ba shi da nauyi. Ɗari guda suna shiga jaka ɗaya, a kai Yamai ko Maraɗi ko Kano.

Inji kuma fa? Ƙarami ne, bisa tebur ake aza shi. In ba wuta, akwai dabara. A kasuwar Marrakesh ta ƙasar Maroko masassaƙa suna juya itace da baka da tsirkiya, hannu ɗaya yana ja, ƙafa tana taimakon kurfi.

Makarantar gwaji ta farko an buɗe ta a Damagaram a 1973, domin yaro ya yi karatu da harshensa, ya kuma koyi aikin hannu. Almajirin makarantar allo shi yake fiƙe alƙalaminsa da kara, ya haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro. Ɗan makarantar boko kuwa sai ya saya. Wanda zai yi bik dole ya auna milimeta, ya raba tsawo biyu daidai, ya lissafa kuɗin kaya da na aiki kafin ya yanka farashi. Wannan duk lissafi ne na aji. Inji ɗaya ya isa makaranta guda. A gayyato masassaƙi da maƙeri na unguwa rana ɗaya cikin mako, su zauna tare da malam, manyan ƴan aji su riƙa karɓar kurfi bi da bi, maza da mata.