NAZARI: Manhajar Tantance Marasa Lafiya Da Ƙwan Fitilar Da Ke Auna Jinin Baƙar Fata

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar majinyacin da ke buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili ne, ya kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Abin da dokar ba ta faɗa ba shi ne wanda za a fara dubawa idan mutum goma suka iso ƙofar sashen gaggawa a lokaci guda, likita kuma ɗaya ne. Wannan hukunci, wanda galibi nas ce ke yanke shi cikin mintuna biyu ko uku, shi ne kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke neman a miƙa wa manhajar kwamfuta.

Tallar tana da kasuwa a Najeriya. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisin aiki a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200, kuma fiye da 16,000 sun fice zuwa ƙasashen waje cikin shekara biyar zuwa bakwai. Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a watan Agustan 2024, inda harkar lafiya ke cikin fannonin da ake sa wa rai. Ba da jimawa ba takardun neman kwangila irin waɗannan za su cika teburan daraktoci da mataimaka na musamman, idan ma ba su riga sun fara ba. Kafin a rubuta "a amince" a gefen takarda, akwai abin dubawa a tarihin wannan fasaha a ƙasashen da suka riga mu gwada ta.

Tantance majinyata bisa tsananin ciwo ya samo asali ne daga fagen fama. Dominique Jean Larrey, likitan rundunar Napoleon na Faransa, shi ya dage cewa a fara da wanda rauninsa ya fi muni, ba tare da duba muƙami ba. Yau asibitocin Amurka na amfani da ma'auni mai hawa biyar da ake kira ESI. A Afirka kuwa akwai ma'aunin Afirka ta Kudu mai launuka: ja a duba shi nan take, ruwan goro cikin minti goma, ɗorawa cikin awa guda, kore cikin awa huɗu. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a Ghana na cikin waɗanda suka ɗauki wannan tsari, kuma takarda da biro da horo ne jarinsa.

Ɗan Adam na kuskure a wannan aiki, kuma kuskuren ba kaɗan ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya bi diddigin zuwa asibiti fiye da miliyan biyar a asibitocin Kaiser Permanente na arewacin Kalifoniya, ya gano cewa an saka majinyaci a hawan da ba nasa ba a kusan kashi ɗaya cikin uku. Mafi yawa an ɗaga su ne sama da inda ya kamata, amma kashi 3.3 cikin 100 an mayar da su baya alhali ciwonsu ya tsananta. A nan ne manhaja mai koyo daga bayanai ke da hujja. Ana loda mata dubban ɗaruruwan bayanan majinyatan da suka gabata, da shekarunsu, da bugun zuciya, da hawan jini, da zafin jiki, da abin da ya kawo su, sannan da yadda kowannensu ya ƙare: wa ya mutu, wa aka kai ɗakin kulawa ta musamman, wa aka sallama. Daga nan sai ta riƙa ƙiyasta makomar sabon majinyaci. A Jami'ar Johns Hopkins, ayarin Scott Levin ya gwada irin wannan manhaja a kan zuwa asibiti 172,726, ya samu cewa fiye da kashi 10 cikin 100 na waɗanda nas-nas suka ajiye a hawa na uku sun cancanci a ɗaga su gaba. Wannan nasara ce ta gaske, kuma an gina ta ne da bayanan asibitin da zai yi amfani da ita.

Inda aka yi tuntuɓe

Kamfanin Epic, wanda ke riƙe da kundin bayanan majinyata na ɗaruruwan asibitocin Amurka, ya saka wata manhaja da ke gargaɗi idan majinyaci na dab da kamuwa da gubar jini, wato halin da ƙwayar cuta ke hargitsa jiki har gaɓoɓin ciki su fara gazawa. Asibitoci da dama sun kunna ta bisa alƙaluman kamfanin. A 2021 masu bincike a Jami'ar Michigan suka auna ta a kan kwanciyar asibiti 38,455. Manhajar ba ta hango kashi 67 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba, duk da cewa ta buga ƙararrawa a kan kashi 18 cikin 100 na dukkan waɗanda aka kwantar. Ƙararrawar da ke yawan kuka babu dalili, ƙarshenta ma'aikaci ya daina waiwayarta. Daga baya kamfanin ya sake fasalin manhajar, ya kuma ba da shawarar kowane asibiti ya horar da ita da nasa bayanan.

Akwai wanda ya fi wannan ɗaure kai. A 2019 Ziad Obermeyer da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa wata manhaja da ake zaɓar masu buƙatar ƙarin kulawa da ita tana ɗaukar kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin ciwonsa. Da yake an saba kashe wa baƙaƙen Amurka ƙasa da abin da ake kashe wa farare masu ciwo iri ɗaya, sai manhajar ta ɗauke su a matsayin masu lafiya. Da za a gyara, in ji binciken, rabon baƙaƙe cikin waɗanda ake zaɓa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100. A ƙasar da mafi yawan kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fitowa, manhajar da ta koyi irin wannan lissafi za ta ɗauki talakan da bai iya biyan gwaji ba a matsayin wanda ba ya buƙatar gwajin.

Sai kuma darasin Ruwanda, wanda ya shafi masu rattaba hannu kai tsaye. Kamfanin Babylon na Birtaniya ya buɗe reshensa na Babyl a can a 2016, ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da gwamnati a 2020, aka ƙiyasta darajarsa a kan Dala biliyan 4.2 a 2021. A 2023 ya durƙushe, reshen Kigali ya rufe, mutum fiye da miliyan biyu da suka yi rajista suka wayi gari babu shi.

Wannan ba ya nufin fasahar baƙuwa ce a Najeriya. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajojin karanta hoton ƙirji wajen tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama, kuma motocin gwaji masu ɗauke da irin su CAD4TB sun yi aiki a wasu jihohin ƙasar. Bambancin shi ne aikinta tsararre ne, tambaya guda take amsawa, kuma gwajin majina na biye da ita don tabbatarwa. Ƙofar sashen gaggawa ba ta da irin wannan sassauci.

Hasken da ke ratsa yatsa

Ko manhajar ta kai ƙwarewar da ake zuzutawa, abin da aka ciyar da ita shi za ta yi hukunci da shi. Ɗaya daga cikin lambobin da suka fi nauyi a tantancewa yana fitowa ne daga ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa, wato oksimita. A cikinta akwai ƙwayayen fitilar LED guda biyu, ɗaya ja mai tsawon zango kusan nanomita 660, ɗaya kuma na hasken da ido ba ya gani, mai kusan 940. Jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin da wanda bai ƙoshi ba suna shan waɗannan haske biyu daban-daban, kuma daga wannan bambanci na'urar ke fitar da lamba. Matsalar ita ce sinadarin melanin da ke sa fata duhu shi ma yana shan jan haske, an kuma daidaita yawancin na'urorin ne a jikin masu farar fata.

A watan Disambar 2020 Michael Sjoding da abokansa a Michigan suka kwatanta lambar oksimita da gwajin jinin jijiya. A lokutan da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, wato babu abin tashin hankali, ainihin oksijin ɗin ya faɗi ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙe, a farare kuwa kashi 3.6. A Amurka wannan matsalar tsiraru ce. A Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ko na Aminu Kano, ko na Maiduguri, kowane majinyaci da ke kan benci ya shiga lissafin. Birtaniya ta fitar da rahoton kwamiti mai zaman kansa a kan batun a Maris ɗin 2024. Hukumar FDA ta Amurka kuma ta fitar da daftarin ƙa'ida a Janairun 2025, inda ta nemi a gwada sabbin na'urori a kan aƙalla mutum 150 masu launin fata mabambanta.

A nan ne binciken zaren nano ya shigo, ko da yake ta bayan gida. Shuɗiyar fitilar LED ta yau, wadda ta samar wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014, ana gina ta ne da shimfiɗaɗɗun falle-fallen sinadarin galiyom naitiraid a kan wani faranti. Tsarin ƙwayoyin zarra na farantin da na abin da aka shimfiɗa ba sa dacewa daidai, don haka sai tsagogi marasa ganuwa su cika fallen, su riƙa cinye wutar da ya kamata ta zama haske. Idan aka tsirar da sinadarin a tsaye, kamar karan gero a gona, kowane zare bai kai ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba, to matsin yana samun wurin sakewa ta gefe, zaren ya fito kusan babu aibi, kuma ana iya shuka shi a kan silikon mai arha. Masu bincike a Jami'ar Sophia ta Japan sun nuna cewa kaurin zaren na iya sauya launin hasken. Ayarin Zetian Mi, a McGill ta Kanada sannan a Michigan, ya samar da hasken UV mai gajeren zango har nanomita 210, daga baya kuma ya jera zaruruwa a tsarin da ke fitar da launi tsantsa, wanda bai bazu kamar na fitilar yau ba.

Tsantsar launin nan ita ce mahaɗar. Wasu masanan haske na ganin cewa bazuwar jan hasken LED na daga cikin dalilan da melanin ke karkatar da awon oksimita, don haka haske mai ƙunci zai iya rage kuskuren. Hasashe ne mai ma'ana, amma hanyar da ke tsakanin ɗakin gwaji da akwatin nas tana da tsawo. Kuɗin masana'antar ma ba asibiti ya nufa ba: kamfanin Aledia na Grenoble a Faransa, wanda ya zuba jari mai yawa a zaren nano, allon tabarau da na agogo yake hari. Amfani na biyu da ake hange shi ne kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da kayan tiyata. Fitilun UV da ake amfani da su yanzu na ɗauke da zaiba, wadda Yarjejeniyar Minamata ke neman a rage, Najeriya kuma ta tabbatar da yarjejeniyar a 2018. Sai dai har yanzu LED na wannan zango kaɗan yake mayarwa haske daga wutar da yake sha. Duk ɗan kwangilar da ya zo da kalmar "nano" a bangon takardarsa, ya kamata a nemi sakamakon gwajinsa kafin a nemi farashinsa.

Abin da ke hannun Abuja

Manhaja mai koyo tana buƙatar kundin bayanai na kwamfuta mai ɗauke da ƙarshen kowane majinyaci, alhali asibitoci da yawa har yanzu fayil ɗin kwali suke jerawa a kan kanta. Tana kuma buƙatar wuta, ga shi Asibitin Koyarwa na Ibadan ya shafe fiye da kwana 100 a yanke daga layin lantarki tun daga ƙarshen Oktoban 2024 saboda bashi. Shirin NEMSAS, wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2022 don ɗaukar nauyin jinyar gaggawa ta awa 48 na farko, shi ne wurin da ya fi dacewa a fara tara bayanai iri ɗaya daga jihohi, idan an tsara fam ɗinsa da wannan niyya.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta saka bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, sashe na 37 kuma ya ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai babban tasiri. Mayar da mai ciwon ƙirji bayan layi hukunci ne irin wannan. Ke nan dole nas ta kasance da ikon soke shawarar manhaja, kuma yarjejeniyar saye ta fayyace wanda zai amsa tambaya idan nas ta bi manhajar majinyaci ya mutu, da wanda zai riƙe bayanan 'yan Najeriya idan kamfanin ya bi sahun Babylon. NAFDAC ce ke rajistar na'urorin asibiti, Hukumar Kare Bayanai ke kula da sirri, NITDA na da bakin magana a kan fasaha, Majalisar Likitoci kuma ke hukunta sakaci. Manhajar tantancewa ta taɓa huruminsu duka huɗun, kuma a aikin gwamnati fayil mai iyaye huɗu yakan daɗe a hanya.

Akwai aikin da bai jira zaren nano ko ƙirƙirarriyar basira ba. Asibitocin koyarwa na tarayya da ke da injin gwajin iskar jini za su iya kwatanta shi da nau'o'in oksimita da ake shigowa da su, masu tsada da masu arhar da ake sayarwa a kantin magani, a jikin majinyatan da dama ake ɗibar jininsu a ɗakin kulawa ta musamman. Sakamakon zai ba NAFDAC abin da za ta gindaya wa masu shigo da kaya, ya ba Ma'aikatar Lafiya jerin na'urorin da za ta saya da waɗanda za ta ƙi, ya kuma nuna wa nas ɗin da ke aikin dare ko 94 da ta gani a yatsan majinyaci ta isa ta ce masa ya zauna ya jira.