Zancen Gida: Hunturu da Kaskon Wuta

Ga hunturu ya sake zagayowa. Mu da ke Jos mun san yadda sanyin Disamba da Janairu yake shiga ƙashi, har mutum ya yi ta nawar tashi addu'ar safe. To, 'yan'uwa, a wannan wata gargaɗi muka kawo.

Mun ga gidajen da akan kunna murhun gas a bar shi yana ci, ba a dafa kome, wai don ɗaki ya yi ɗumi. Asarar kuɗi ke nan, amma wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne kaskon gawayi da akan shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa da taga ruf. Gawayi, har gas ɗin ma, in yana ci inda iska ba ta shiga, yakan fid da wata guba marar launi, marar wari. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, amma mai barci ina zai ji? Iyali guda sukan kwanta lafiya, gari ya waye ba wanda ya tashi.

A ji ɗumin wuta a tsakar gida, a bar kasko a waje kafin a kwanta. Sauran aiki na bargo ne. A shimfiɗa tabarma ko kwali bisa siminti, gama sanyi ta ƙasa yake kama mutum. Yara a sa musu hula da safa. Kwalbar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma takan ishi ƙafafun tsoho.

Wanda ya farka da ciwon kai a ɗakin da wuta ta kwana, a fito da shi waje maza, a kai shi asibiti.